Kwamfutar Commodore 64 ta mahaifina fitilarta tana kamawa amma allo baƙi ƙirin

Tambaya: Ina zaune a Agege. Cikin kayan marigayi mahaifinmu na tsinci tsohuwar kwamfuta Commodore 64 da ya zo da ita daga Ingila, ta fi shekara talatin a kwali. Na jona ta, jar fitilarta ta kama, amma talabijin bai nuna komai ba. Tana gyaruwa kuwa?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba da rahama. Tana gyaruwa, ɗan'uwa, amma don Allah kada ka sake jona ta da tsohuwar adaftarta sai an auna.

Wannan na'ura ta fito ne a 1982, kuma babu abin da ya kashe ire-irenta kamar wannan adafta mai nauyi. Wuta iri biyu take bayarwa: volt 5 na DC da volt 9 na AC. Idan ta tsufa, layin volt 5 yakan haura, ya bi ya ƙone ayisi (IC, ƙananan na'urori masu ƙafafu da ke kan fanel ɗin cikinta) na RAM, wato ma'ajiyar bayanai, ɗaya bayan ɗaya. Jar fitilar za ta ci gaba da haske abinta, don haka kamawarta ba shaidar lafiya ba ce. Sa mita ka auna. In ka ga ya wuce 5.2, ajiye ta gefe. Yawancin waɗannan adaftoci an cika cikinsu da wani abu mai tauri kamar dutse, ba sa buɗuwa balle a gyara, sai dai a nemi sabuwa. Tunda daga Ingila take, wutarta da tsarin hotonta na PAL sun dace da namu. Da ta Amurka ce, da wutarmu ta volt 230 ta gama da adaftar tun jonawar farko. Ko da sabuwar ce, kada ka jona ta kai-tsaye ga ƙaramin janareta.

Wataƙila ma laifin talabijin ne. Ta wayar eriya, hoton yana fita a tasha ta 36, kuma yawancin talabijin na yanzu ba sa kama shi da kyau. Gwada wayar AV ta ramin bidiyo da ke bayanta.

In har yanzu baƙi ne, cire wuta ka kwance ta. Danshin Legas da iskar teku ba sa barin ƙarfe lafiya. Za ka iya tarar da ƙafafun ayisi sun yi kore-kore, ga kashin kyankyasai a kan fanel. Goge da buroshin haƙori da sifirit irin na masu gyaran waya, ka bari ya bushe sarai. Ayisin da ke zaune cikin soket, danna su a hankali su zauna daram. Duba fiyus ɗin da ke ciki. Sannan ka kunna da lafiyayyar adafta na ɗan lokaci, ka ɗora yatsa kan RAM. A tsofaffin fanel guda takwas ne, masu lamba 4164. Wanda ya yi zafin da ba ka iya riƙe yatsa a kai, ya mutu. In duk lafiya suke, zargina na kan wani ayisi mai suna PLA, wanda ya yi ƙaurin suna wajen jawo baƙin allo. Ana ƙera madadinsa har yau.

Cire ayisi da aka kama da dalma kuwa, ba aikin ɗan koyo ba ne, zafi kaɗan ya yi yawa layukan fanel su ɗaye. Ni na fi son tsohon mai gyaran rediyo ya taɓa ta, irin waɗanda har yanzu ake samu a Alaba ko Computer Village ta Ikeja. Ka ce ya sa soket kafin ya ɗora sabon. Ranar da ta tashi, shuɗin allo za ka gani, da 38911 BASIC BYTES FREE, da READY a ƙasansa.