Mota mai kuzari da za ta ɗauki iyali

Malam, ka ce kana neman mota mai kuzari wadda za ta ɗauki uwargida da yara biyu. Ni dai Skoda Octavia RS zan nuna maka kafin Golf GTI. Injinsu iri ɗaya ne, lita 2.0 mai turbo, amma but ɗin Octavia ya kai lita 600, na Golf ko 400 bai cika ba. Keken jariri kaɗai zai cinye shi.

Mai ƙofa biyu kam, cire ta daga lissafi. Ranar gwaji ka tafi da kujerar yaro, ka maƙala ta a ISOFIX, wato ƙarafunan da ke jikin kujerar baya don riƙe kujerar yaro, sannan ka zauna a gabanta ka ga ko gwiwarka ta sami wuri. Ka kuma guji rim mai inci 19, siririyar tayarsa ba ta jure rami.