Yadda Za Ka Sassauta Hannu Kari Bai Mutu Ba

Ɗana, tambayar da ka yi mini daren jiya a mota muna dawowa daga wasa, gajiya ce ta hana ni ba ka amsa. Ka ce: "Baba, kullum ana harara ta wai kalanguna yana rufe muryar mai waƙa. In na sassauta kuma sai kiɗan ya yi sanyi, in riƙa ja da baya har mai kuntuku (ƙaramar gangar da ke riƙe mana kari, wato gudun kiɗa) ya tafi ya bar ni. Yaya zan yi?" Wallahi na ji daɗin tambayar nan. Yaron da wannan abu ya fara damunsa, kunnensa ya fara buɗewa ke nan.

Na daɗe ina kallon hannunka. Ka ɗaure ƙarfi da sauri da igiya ɗaya: in ka ƙara ƙarfi sai ka ƙara gudu, in ka rage ƙarfi sai gudun ya ragu. Kusan kowane ɗan koyo da haka yake farawa, domin da dantse yake kiɗa. Dantse yana da nauyi, ba ya iya bugu a hankali kuma cikin sauri. Wuyan hannu ne ke iyawa. Ka riƙe makaɗinka, wato sandar kiɗan, tsakanin babban yatsa da manuni, sauran yatsun su tallafe shi sako-sako, kamar ka riƙe ɗan tsako. Daga nan ƙarar ba ta ƙarfin damtsenka ba ce, ta nisan da ka ɗaga makaɗin daga tantani ce. Ka ɗaga shi taƙi guda, kalangu ya yi tsawa. Ka ɗaga shi faɗin yatsu biyu, ya yi raɗa. Gudun kuwa yana nan yadda yake. Wurin da ka sauke shi ma yana da magana: tsakiyar tantani tana ba da murya cikakkiya mai kauri, gefe kusa da kirinya, wato zoben da ke riƙe da tantanin, yana ba da siririya wadda ba ta cika fili.

Akwai kuskure na biyu, kuma shi ya fi ɓata mini rai. In kana son muryar kalangu ta hau, sai ka matse tsarkiya, wato igiyoyin jikin kalangu, da hammata kuma ka ƙara duka a lokaci guda. Matsa daban, duka daban. Matsar tsarkiya ita ce harshen kalangu, da ita yake hawa da sauka kamar yadda maganarmu take hawa da sauka, har mai saurare ya gane takensa ba tare da an buɗe baki ba. In ka dake shi da ƙarfi a kan tantanin da ka riga ka ɗame, maganar sai ta cakuɗe, ƙara kawai ta rage. Ga kuma asara: ba banza ba aka ce in ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa. Tantani nawa ka fasa mini da hunturun bana? Ka ƙirga da kanka.

Tunda na ambaci hunturu, ka riƙa lura da lokaci. Iskar hunturu tana busar da fata, kalangu ya yi kaifi, ɗan taɓi kaɗan ya ishe shi. Da damina fatar tana shan raɓa, muryar ta dushe, sai ka ga yaro yana jibgarsa don ya farfaɗo. Ka shanya shi a rana ko ka ɗan gasa shi nesa da garwashi kafin a fara, ka bar duka.

Bari in ba ka labarin ranar da ni na koya. Ina da shekara 19, ina riƙe da ɗan karɓi, wato ƙaramin kalangu, a bayan maigidana, Allah ya jiƙansa. Biki ne a gidan wani attajiri, cikin wani babban zaure mai daɓen siminti. Maigida ya kai gaɓar da yake jero iyaye da kakannin mai gidan, ya sauke murya kamar mai yi masa magana a kunne. Ni kuma daɗin kiɗa ya ɗauke ni, na zuba sara daidai kan sunan kakan mutumin. Ina kallo attajirin ya karkato da kai, ya sa hannu a bayan kunne, bai ji ba, ya koma ya jingina. Hannun da ya riga ya shiga aljihun babbar riga ya fito haka nan. Maigida bai ce mini uffan ba sai da muka koma masauki. Ya ce, "Wata guda na yi ina tambayar dattawan garin nan kafin in samu sunan da ka binne yau." Har yau in na ji mai waƙa ya fara jero sunaye, hannuna da kansa yake sauka.

Saboda haka ka san wuraren sauka da wuraren tashi. In mai waƙa yana kan ɗiyan waƙa, wato baitocin da yake rerawa kafin amshi, musamman suna ko kirari ko habaicin da ake so kowa ya tsinta, kai ƙasa kake, kana riƙe masa kari kawai. Da 'yan amshi sun karɓa, ka ɗan ɗaga, domin bakuna da yawa sun fi baki ɗaya ɗaukar kiɗa. Inda aka bar muku fili, babu waƙa babu amshi, mata suna rangaɗa guɗa, ana liƙi, nan ne naka, ka zuba iya son ranka. Amma in tun farkon waƙa ka riga ka kai maƙura, da me za ka tashi a nan? Ka samu tsofaffin faifan Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ka bar sauraren waƙar, ka saurari makaɗan kawai. Kalangai ne da yawa a bayansa, amma ba ka rasa kalmarsa. Ka dubi kuma makaɗan fada masu kotso da taushi: da hannu ake kaɗa su, domin sarki magana yake saurare. Filin dambe kuwa wani abu ne dabam, can ana so taken ɗan dambe ya tsallake hayaniya ya iske shi inda yake ɗaure hannu. Kiɗan da ya dace da can, in ka shigo da shi zaure, ka cuci jama'a.

Wani abu kuma da ba laifin mutum ɗaya ba ne. Mu huɗu ne da kalangai. Ɗaya ya ji kamar ba ya jin kansa, ya ƙara kaɗan. Na kusa da shi ya ƙara don kada a danne shi. Kafin a gama waƙa biyu kowa yana faɗa da kowa, mai waƙa yana ta da jijiyar wuya. Ma'aunina a nan ɗaya ne: in ba ka jin kalmomin mai waƙa daga inda kake tsaye, ka yi yawa, ko da kana ganin wani ya fi ka. Ka fara sauka, saura za su biyo. In kuma an kafa maka makirfo a bakin kalangu, irin na ɗakunan taron yanzu masu tayil da ke mayar da amo, ka raba hannunka biyu ka ajiye rabi, lasifika za ta yi sauran.

Ga aikin da za ka yi daga yau zuwa Asabar. Bayan la'asar ka samu mai kuntuku ya riƙe maka kari ɗaya, kada ya motsa ko kaɗan. Kai kuma ka fara daga raɗa, ka hau sannu a hankali cikin zagaye takwas har ka kai tsawa, sannan ka sauko cikin takwas. Saukowar ce za ta ba ka wuya, nan ne ƙafarka za ta so ta ja baya, don haka ka riƙa taka diddige tare da kuntukun. Ka ajiye wayarka taku ashirin daga inda kuke, ta ɗauki kiɗan, domin abin da kake ji a hammatarka ba shi ne mai zaune a gaba yake ji ba. Ka kawo mini in saurara ranar Juma'a da dare. Ranar Asabar kuma a gefen damana za ka tsaya, ka sa ido a kafaɗata. In ka ga na sauke ta, ka sauka tare da ni.