Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ake Dakatar da Asfirin Kafin Tiyata?

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun haɗa magunguna a Zariya. Mahaifina yana shan asfirin mai miligiram 75 kullum, sai likita ya ce ya dakata mako guda kafin a yi masa tiyata. An koya mana cewa asfirin ba ya daɗewa a jini, to me ya kawo jiran mako?

AMSA: Malama, abin da aka koya muku gaskiya ne, domin cikin minti 20 ko ƙasa da haka rabin asfirin da ya shiga jini ya riga ya rikiɗe. Dalilin jiran yana ga ƙwayoyin tsayar da jini, wato filatilet, waɗanda ɓargo ke samarwa, kuma lafiyayyen mutum yana da 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikirolita ta jininsa. Idan jijiya ta ji rauni, su ne ke fara taruwa a wurin, su manne da juna su toshe kafar, kamar yadda Giulio Bizzozero na Italiya ya bayyana a 1882.

Da zarar sun manne, sai su fitar da wani sinadari mai suna turomboksen, wanda ke kiran 'yan uwansu su zo su ƙaru. Asfirin yana lalata sinadarin COX-1 da ke haɗa shi, lalatawar da babu gyara. Sauran ƙwayoyin jiki suna iya ƙera sabo cikin sa'o'i, amma filatilet ba ta da cibiyar da ke ɗauke da bayanan halitta, saboda haka wadda maganin ya taɓa ta nakasa ke nan har ƙarshen rayuwarta, wadda ba ta wuce kwana 7 zuwa 10. Ɓargo kuwa kusan kashi 10 cikin ɗari kawai yake sabuntawa a kowace rana, don haka likitan yana jiran sababbi su yi yawa ne, don kada jini ya ƙi tsayawa a lokacin tiyata.

An shafe fiye da shekara 70 ana shan asfirin ba a san yadda yake aiki ba, sai a 1971 John Vane ya gano hakan a Landan, binciken da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1982. A ganina, aikin da ya fi cancanta a nuna wa ɗalibai da idonsu shi ne na Gustav Born na 1962. Ana zuba ruwan jini mai yalwar filatilet a ƙaramar kwalba, yana da duhu-duhu, sannan a haska fitila ta cikinsa a ɗiga sinadarin da ke zuga su. Yayin da suke dunƙulewa ruwan yana washewa, haske yana ƙara ratsawa, na'ura tana zana layi a takarda. Idan jinin wanda ya sha asfirin ne, kuma aka ɗiga asid ɗin arakidonik, wanda daga shi ake haɗa turomboksen, da ƙyar layin zai motsa.

Sai dai ba kowa ake dakatar wa maganin ba. Wanda aka sa wa ƙarfen buɗe jijiyar zuciya, musamman idan yana haɗa asfirin da kulofidogirel, wani maganin hana gudan jini, haɗarin gudan jini a gare shi yakan fi na zubar jini, kuma likitan zuciya da likitan tiyata ne ke yanke hukuncin tare.