Me ya sa cutar ba ta kayar da sauron da ke ɗauke da ita?

Malam, ka tambaya daga Auyo me ya hana cutar shawara kwantar da sauron da ke yaɗa ta, wato Aedes. Ai bairas ɗin cutar na shiga jikinsa, amma sauron garkuwa gare shi. Ƙwayoyin gadonsa na samar da furotin Dicer-2 da ke daddatsa RNA ɗin bairas, wato ƙwayar gadonsa, sai wani furotin, Argonaute-2, ya ɗauki gutsuren ya bi sawun sauran RNA ɗin. Ba sa kawar da bairas ɗin kaf, ragewa kawai suke yi, shi ya sa sauron Aedes ke rayuwa yana ta cizo. Kokawar ta daɗe: bairas ya sauya salo, zuriyar sauro ma ta sauya.

Mai kawo maleriya a fadamarku kuwa Anopheles ne, kuma ƙwayar cutar, Plasmodium, ba bairas ba ce. Furotin TEP1 na jikin sauron ke yaƙar ta.