Wai insulin kemikal ce, mu daina yi wa Mama?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Mahaifiyata na da ciwon suga, shekara uku kenan ana mata allurar insulin. Yanzu wani mai magani a Facebook ya ce wai kemikal ce, ta bari ta koma shan garin ganyensa tunda shi nacural ne. Kwana biyu kenan ta ƙi yarda a yi mata, hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah Ya ba Mama lafiya. A gwada suganta yau ɗin nan, kuma likitanta ya san ta tsallake allura.

Wannan magana ta kemikal da nacural wallahi ta ishe ni, kullum sai na ji ta. Shi mai maganin da me aka yi jikinsa? Kusan kashi 18 cikin 100 na nauyin ɗan Adam kabon ne, wanda shi ma kemikal ne, furotin da kitse da sitaci da DNA duk a kansa aka gina su, saboda kowace ƙwayar kabon hannu huɗu gare ta, tana kama 'yan uwanta su yi dogon zare ko zobe. Ganyen da yake sayarwa ma haka yake. Ita insulin furotin ce mai amino asid 51, wato ƙananan tubalan da ake gina furotin da su, irin wadda jikin Mama ke yi tun tana jaririya, yanzu ne ta daina isarta. Tun 1982 ake amfani da irin ta mutum wadda ake sa ƙwayoyin bakteriya su haɗa, kuma jerin amino asid ɗin iri ɗaya ne sak, jiki ba ya tambayar daga ina ta fito, siffarta kawai yake ganewa.

A da masana ma sun ɗauka sinadaran jikin mai rai ba sa haɗuwa a ɗakin gwaji, sai a 1828 wani Bajamushe Friedrich Wöhler ya haɗa yuriya, wadda ke fita a fitsari, ba tare da ƙodar kowa ba. Kusan shekara 200 kenan, amma har yau ana cin kuɗin mutane da wannan magana ta kemikal da nacural.

Kuma wa ya ce duk abin da ya tsiro daga ƙasa lafiya ne? Risin, gubar da ke cikin ƙwayar zurma, furotin ce nacural, kaɗan ta isa ta kashe mutum. Aflatoksin da ke jawo kansar hanta fumfuna ce ke yinta a jikin hatsi. Sukarin da aka hana Mama ma ai daga rake yake. In kuma ya ce miki akwai insulin a garin nasa ƙarya yake, ciki narkar da ita yake kamar nama, shi ya sa tun 1922 allura ake yi ba sha ba.

Abin da nake tsoro shi ne in insulin ta yi ƙaranci sosai jiki sai ya koma ƙona kitse, asid ya taru a jini, ko sugan ya hau har ruwan jiki ya ƙafe. In kin ga amai, ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, numfashi da sauri ko ta fara rikicewa, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne. Ki tafi da garin ganyen a hannu likita ya gani, kuma ki lallashe ta a hankali, ba faɗa ba, tsorata ta aka yi.