Tambaya da Amsa: Faifan Jaz na Makaɗa Huɗu

Tambaya: Malam, me ya sa masoya kiɗan jaz suke fifita faifan da aka ɗauka a gaban jama'a? Daga mai karatu a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Dalili shi ne makaɗan jaz suna ƙirƙirar yawancin kiɗansu nan take, don haka abin da aka busa a dare guda ba ya maimaituwa. Misali, ka nemi faifan Live at Birdland na John Coltrane, mai busa saksofon (wani abin busa na ƙarfe), wanda aka ɗauki kiɗa uku daga cikinsa a wani gidan kiɗa na birnin Niyok a 1963, tare da abokan kiɗansa McCoy Tyner, Jimmy Garrison da Elvin Jones mai ganga. A kiɗan Afro Blue, ƙaramin saksofon ɗin Coltrane yana da kaifin murya irin na algaitar fadar Sarkin Damagaram, kuma a ganina gangunan Jones ne suke ingiza shi.