Tambaya da Amsa: Mangwaro da Zogale a Sanyin Ingila

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune da iyalina a birnin Manchesta na ƙasar Ingila, kuma ina da burin ganin mangwaro da zogale da lemun tsami a gidana. A bara na sayi dashen mangwaro ta intanet, ya iso a galabaice, kuma tun kafin hunturu ya ƙare ya bushe. Yanzu ƙanena yana shirin zuwa daga Kano, ina tunanin ya riƙo mini dashe daga gida. A ina zan sami amintaccen mai sayarwa, kuma yaya zan raine su? Daga mai karatunku a Manchesta.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Da farko dai ki sauke wa ƙanenki wannan nauyi. Dokar Birtaniya ba ta yarda a shigo da tsiro mai rai ba sai da takardar shaidar lafiyarsa daga hukumar ƙasar da ya fito, wadda a Najeriya ita ce hukumar NAQS, kuma dashen da ba shi da ita ana iya ƙwace shi a filin jirgi a lalata. Tsananin yana da dalili, domin cutar Xylella da aka gano a kudancin Italiya a 2013 ta kashe miliyoyin itatuwan zaitun, kuma a jikin dashe irin waɗannan cututtuka suke tsallaka iyaka.

A ganina, amintaccen mai sayarwa a wurinki shi ne wanda gonar rainonsa take cikin Birtaniya. Ƙungiyar masu lambu ta RHS tana da kundi mai suna Plant Finder, wanda yake nuna gonakin da suke sayar da kowane irin tsiro, kuma daga nan ya kamata ki fara. Duk wanda zai aiko miki da dashe ta gidan waya, doka ta wajabta masa ya haɗa da fasfon tsiro, wato ɗan tambarin da yake ɗauke da sunan tsiron na kimiyya da lambar rajistar mai sayarwa. Kafin ki biya, ki tambaye shi sunan nau'in mangwaron, ko ɗan aure ne ko daga ƙwallo aka tsirar da shi, ki kuma nemi hoton ainihin wanda za a aiko. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye a kan waɗannan, ki riƙe kuɗinki. Sannan ki yi oda a ƙarshen watan Mayu ko a Yuni, domin dashen da ya kwana cikin motar kaya a watan Nuwamba ya riga ya sha wuya kafin ya iso ƙofarki.

Game da raino, mutane sun fi tsoron sanyi, alhali ƙarancin haske ne yake fara karya waɗannan itatuwa. A watan Disamba hasken rana a Manchesta bai kai awa takwas ba, shi ma galibi cikin gajimare, yayin da a Kano ya haura awa goma sha ɗaya. Itacen da ba ya samun haske ba ya shan ruwa sosai, mai shi kuwa sai ta ga ganye ya yi laushi ta ƙara masa ruwa, saiwar ta ruɓe a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai sanyi. Ina kyautata zaton abin da ya sami mangwaronki ke nan. Saboda haka ki dasa a tukunya mai huji a ƙasa, ki gauraya ƙasar da tsakuwa ƙanana, ki ajiye ta a tagar da take fuskantar kudu, nesa da hita. Da hunturu kada ki ba da ruwa sai kin soka yatsa kin ji saman ƙasar ya bushe. Ki riƙa juya ganye kina duba bayansa, domin busasshiyar iskar ɗaki tana kawo ƙananan ƙwari masu saƙa kamar ta gizo-gizo, kuma sai ganyen ya fara ɗigo-ɗigon rawaya ake lura da su. Ana fitar da tukwane waje bayan ƙarshen Mayu, a fara da inuwa kafin rana, a mayar da su ciki kafin Oktoba.

A cikin ukun, lemun tsami ne zai fi faranta miki, musamman nau'in Meyer, wanda yake wuce hunturu lafiya a wuri mai haske idan sanyi bai sauka ƙasa da digiri 7 ba, kuma yana 'ya'ya a tukunya. Zogale kuwa ki ɗauke shi a matsayin shukar shekara guda: ki sayi iri a nan Birtaniya, ki shuka a ɗaki a watan Afrilu cikin tukunya mai zurfi, ki yi ta tsinkar ganye har kaka, idan ya mutu ki sake shukawa baɗi.

Mangwaro dai gaskiya ba zan yi miki alkawarin 'ya'ya ba. Girmansa yana tsayawa idan zafi ya gaza kusan digiri 15, ƙanƙara kuma tana kashe shi. Abu ne mai yiwuwa a ɗakin gilashi mai ɗumi, domin ayabar Cavendish da ta cika kasuwannin duniya a yau, a irin wannan ɗaki wani mai kula da lambu mai suna Joseph Paxton ya raine ta a gidan Chatsworth a shekarun 1830, ba nisa da inda kike. Sai dai shi yana da mai gida attajiri da yake biyan kuɗin ɗumama ɗakin. Idan duk da haka kina son mangwaron, ki sayi ɗan aure na gajeren nau'i irin su Irwin, ki haɗa masa da fitilar rainon tsiro daga Oktoba zuwa Maris, ki kuma lissafa kuɗin wutar tun kafin ki yi oda.